Kakar da Nadim Ya Sa Hannu a Aljihu

Litinin, 25 ga Agusta, da la'asar

Masu fim sun iso. Na yi girkin mutum goma, ashe su biyu ne: Mirna, da wani dogon mai kyamara, Ziyad, wanda tun da ya sauko daga mota bai ce uffan ba sai "Ina ake sa caji?" Na nuna masa, na ce wurin ga shi, wutar ce sai mijina Nadim ya ga dama ya tada janareta.

Rabona da Mirna tun ranar da muka binne ubanta. Rafik ne mawaƙin ƙungiyar Tsatsa, Nadim ke kaɗa jita, Hagop na kan ganguna, a zamanin da 'yan matan Beirut ke ratsa shingen sojoji don su je jin kiɗan rok a wani ɗakin ƙasa mai warin taba. Ni ma ina cikinsu, ba sai na ɓoye wa takarda ba. Yanzu ga 'yar Rafik ta girma, da goshinsa da irin dariyarsa, ta zo yin fim a kan yadda mijina ya jingine jita ya dawo gonar kakansa a kwarin Beka yana yin giyar inabi.

Ta rungume shi. "Baffa, ka tsufa!"

"Ke kuma kin ɗauko kamannin ubanki, Allah ya ba ki haƙuri."

Da hannun dama ya rungume ta. Na hagu yana aljihu.

Muna cin kibbe, curin nama da alkama, ta faɗi shirinta. Za su zauna har a gama tsinkar inabi. Ranar jajibirin Idin Gicciye kuma, in an hura wuta a kan tudu, tana so ya ɗauki jita ya kaɗa ko da waƙa ɗaya ce, da ita fim zai ƙare. Nadim ya ce, "Ci kibbe tukuna, kafin ya huce." Ya dube ni, na dubi faranti.

Lafiya lau muke.

Laraba, 27 ga Agusta, da hantsi

An fara tsinka tun da asuba, kafin rana ta ɗumama 'ya'yan. Matan da ke zuwa mana daga Siriya duk shekara suna ganin kyamara suka gyara ɗankwali suka ƙara sautin waƙa. Mirna ta zaunar da Nadim a kan akwatin inabi, ta tambaye shi me ya raba shi da kiɗa.

Ya ce, "Rafik ya mutu, ɗaya ke nan. Na biyu, kunnuwana suka gaji da ni. Sai hancina ya ce, to a ba ni dama mana, tun da aka haife ka ina tsakiyar fuskarka ba ka taɓa sa ni aiki ba."

Har Ziyad sai da ya yi dariya. Ni ban yi ba. Shekara da shekaru ina jin wannan zancen na hanci ina dariya, yau na tsinci kaina ina kirga kwanduna.

Da ta ce ya yanke nonon inabi ɗaya a ɗauka, almakashin ya suɓuce masa. Ya ɗauka, ya sake suɓucewa. Na yi maza na ce raɓa ce ta jiƙa shi. Babu raɓa a wannan watan, kowa a gonar ya sani.

Alhamis, 28 ga Agusta, da safe

Nadim ya saka maɓallan rigarsa da kansa, har na wuya.

Asabar, 30 ga Agusta, da yamma

Yau a ɗakin ƙasa suka yi ɗauka, wurin tankuna. Ruwan inabin farko ya fara tsimuwa, yana kumfa yana ƙara kamar ana soya abu a nesa. Wannan ne wurin da Mirna ta fi so: Nadim ya ɗibo a kofi, ya juya, ya kai hanci, ya rufe ido, ya faɗi abin da ya ji.

Mun shirya tun jiya, ni da shi. Zan tsaya bayan kyamara kamar mai miƙo kofuna, in fara sansanawa kafin in ba shi. In lafiya, in taɓa ɗan kunnena. In da matsala, in yi tari.

Tun bazara muke haka. Ranar nan na bar madara a kan wuta na fita shanya, na dawo na tarar ta ƙone ƙurmus, hayaƙi har falo, shi kuma yana zaune kusa da murhu yana karanta jarida. Na ce, "Abu Fadi, ba ka ji ba?" Ya ce, "Me?" Mutumin da ke gane na canza sabulu tun daga bakin ƙofa.

Tanki na farko na taɓa kunne. Na biyu ma haka. Na uku warin ruɓaɓɓen ƙwai ya bugi hancina, kaɗan dai, amma yana nan. Na yi tari. Nadim ya kai kofin hanci, ya ɓata fuska kamar ɗan wasan kwaikwayo, ya ce, "Wannan yana neman iska. A juye shi yau, ba gobe ba." Mirna ta ce, "Kai, Baffa! Wannan hanci ai sai a yi masa inshora."

Bayan sun fita ya zauna a kan matakala. Ya ce, "Wadad, tarin ya yi ƙarfi, kamar mai tarin fuka."

"To gobe in yi atishawa?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Daga baya ya daina, ya daɗe yana kallon kofin da ke hannunsa. Ya ce, "Faɗa mini na farkon. Yaya yake?" Na ce kamar ɓaure da aka shanya a kan soro, da ɗan ƙamshin ƙasa in an yi yayyafi. Ya gyaɗa kai. "Haka na yi zato," in ji shi.

Talata, 2 ga Satumba, bayan magariba

Mun ce wa Mirna za mu Beirut sayen marafan kwalba. Mun saya ɗin ma, don kada ya zama ƙarya zalla.

Amma wurin likita muka je. Matashi ne, bai wuce sa'an ɗanmu Fadi ba. Ya sa Nadim ya yi tafiya zuwa ƙarshen baranda ya dawo. Ya sa shi haɗa babban yatsa da manuni da sauri, dama, sannan hagu. Ya sa shi rubuta sunansa. Ya duba hotunan asibiti da aka ɗauki Nadim wancan watan. Sannan ya cire tabarau ya yi magana mai tsawo a hankali. Ba zan rubuta ba. Mutumin kirki ne, ya ce mutane suna daɗewa da wannan ciwon.

Da za mu fito ya ce, "Babana yana da kaset ɗinku." Nadim ya ce, "Ka ce masa ya yafe mana."

Ni na tuƙo mu. A Shtura muka tsaya cin burodi da labne, kindirmon nan mai kauri, kamar kullum. Ya cinye nasa ya ci rabin nawa. Har muka iso gida maganar marafan kwalba kawai muka yi, wai na bana sun fi na bara tauri.

Ba mu gaya wa Fadi ba. Montreal da nisa, ga matarsa da tsohon ciki. Haka Nadim ya ce, ni ma haka na ce.

Laraba, 3 ga Satumba, da safe

Ƙwayoyin da likita ya ba shi na juye su a gwangwanin alewa. Lafiya lau muke.

Juma'a, 5 ga Satumba, da azahar

Hagop ya iso. Mirna ce ta gayyato shi ba ta gaya mana ba, wai tana so ta ɗauki fuskar Nadim in ya gan shi. Tun daga ƙasan tudu muka ji shi yana zagin hanya da direba da gwamnati. Ya yi ƙiba, kansa kamar ƙwai.

"Kai manomi! Har yanzu kana sayar wa mutane ruwan tsami da sunan giya?"

"Kai kuma har yanzu kana kaɗa wa 'yan biki su yi rawar da ba su iya ba?"

"Ina amaryarmu? Wadad, ban faɗa miki ba tun farko? Da ni kika aura, da yanzu kina Beirut kina shan iska."

Na ce da yanzu ina kurma. Nadim ya kai shi ɗakin ƙasa ya nuna masa gangunan katako da giya ke kwana a ciki. Hagop ya ƙwanƙwasa ɗaya da yatsa, ya kasa kunne. Ya ce, "Ka ga ikon Allah. Kullum kana raina ni da ganga, ga shi kai ma a ganga ka ƙare."

Gidan ya cika da hayaniya. Na yi kewar hayaniya ban sani ba.

Lahadi, 7 ga Satumba, bayan coci

Ina yanka ganyen faski na kwaɗon tabbule Hagop ya shigo kicin ya rufe ƙofa. Ya ɗauki tumatir ya gatsa, bai zauna ba.

"Tun yaushe?"

Na ce tun yaushe me.

"Wadad, duk ƙuruciyata a bayan mutumin nan na zauna ina kallon ƙeyarsa. Na san tafiyarsa fiye da yadda na san ta matata. Hannunsa na hagu ba ya lilo in yana tafiya. Jiya ina buga tebur, ƙafarsa tana bina a makare. Nadim bai taɓa makara ba, ko a buge."

Na ci gaba da yanka. Faskin ya zama gari.

"Ciwon yana da suna?"

Na gyaɗa kai.

"To riƙe sunan, ba na so." Ya share baki da bayan hannu, ya share ido da shi kuma. "Wannan tumatir ɗin naki yaji gare shi."

Da rana sun ci sun sha, sun yi musu a kan wanda ya manta lasifika a Juniya shekara arba'in da suka wuce. Ko da wasa Hagop bai dubi aljihun ba.

Litinin, 8 ga Satumba, da la'asar

Mirna ta ce, "Goggo, zo ki ga wani abu." Ta kai ni ɗakin baƙi inda suka baza kayansu, ta sallami Ziyad. Ashe akwai ƙaramar kyamara ta biyu a ɗakin ƙasa ran nan, a kan ganga, ta ɗauki ɗakin gaba ɗaya. Ga ni nan tsaye da tire. Ina sansana kofi, ina taɓa kunne, Nadim yana satar kallona, sannan ya yi magana. Ta nuna mini sau biyu. Da aka zo wurin tarin ta tsayar.

Ban san fuskata tana yin haka in ina kallonsa ba.

Ta ce, "Ban nuna wa kowa ba."

Na ce ta goge. Na ce masu sayen giyarmu sunan hancinsa suke saya. Na ce ba ta san shi ba, mutum ne da gara a zage shi da a ce masa sannu. Na faɗi abubuwa da yawa, har da wanda bai kamata ba, na ce ubanta ba zai yi mana haka ba.

Idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Babana ya ɓoye mana nasa har sai da ya faɗi a banɗaki. Ina 'yar shekara tara. Har yau ina jin haushinsa, Goggo, kuma babu inda zan kai haushin." Ta rufe kwamfutar. "Duk abin da aka ce in cire zan cire. Amma Baffa zan tambaya, fim ɗinsa ne. Ko ke ki gaya masa na sani, ko ni."

Na ce ni.

Na soya mata ƙwai da garin sumak mai tsami, irin yadda take so tana ƙarama. Ta ci tana jan majina.

Laraba, 10 ga Satumba, da yamma

Na gaya wa Nadim jiya cewa Mirna ta sani. Ya ce, "To."

Yau da azahar, kowa na hutawa, na ji ƙofar sito ta buɗe. Can jitar take, a cikin akwatinta, bayan buhunan farar wuta. Ina wanke-wanke na kashe famfo. Na ji yana ɗaure tsirkiya ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe a kai. Sai ya fara mabuɗin waƙar da kowa ke roƙo a da, wadda yatsu ke gudu a kanta kamar ɓera a rufi. Ya kai tsakiya ya tsaya. Ya sake. Ya tsaya a wuri ɗaya. Ya sake a hankali, kamar mai koyo. Daga nan ban ƙara jin komai ba.

Na so in je. Na kai har bakin ƙofar kicin. Na dawo na sake wanke tukunyar da na riga na wanke.

Bai ci abincin yamma ba. Ya ce zafi ne.

Alhamis, 11 ga Satumba, da sassafe

Na farka ba ya kan gado. Na same shi a layin ƙarshe na gona, wurin tsoffin kurangun da kakansa ya dasa, yana zaune a ƙasa. Hannun yana kan gwiwarsa, a fili, yana karkarwar da yake yi. Na zauna kusa da shi. Tun da abin ya fara bai taɓa barina na kalla ba.

Ya ce, "Kin ga ɗan banza? Duk tsawon rayuwata ina roƙonsa ya yi sauri. Yanzu ina roƙonsa ya tsaya."

Na ɗora hannuna a kai. Kamar ɗan tsuntsu ne a tafin hannu.

"Wadad, in kika fara ce mini sannu, zan koma Beirut wurin Hagop."

"Je ka mana. Kwana biyu zai koro ka."

"Kwana ɗaya."

Muka zauna har motar masu tsinka ta iso.

Juma'a, 12 ga Satumba, da hantsi

Hagop ya karɓi zare da kananzir da bokitin ruwan sanyi, ya kwashi kwalaben da ba kowa a ciki ya tafi bayan gida. Ya fasa mini guda biyar. Na ce in haukan tsufa ne ya faɗa a nemi magani. Ya ce, "Amaryarmu, koma kicin, maza na aiki." Yanzu kuma takardar goge katako yake nema. Sun shige sito shi da Nadim sun kulle, ina jin wani sauti kamar kyanwa ta maƙale a rijiya, da zagi, da dariya.

An gama tsinka yau. Kwando na ƙarshe ya shiga matsewa kafin rana ta take.

Lahadi, 14 ga Satumba, da safe

Bari in rubuta tun ban manta yadda ya bi ba.

Jiya da rana ta kusa faɗuwa aka hau tudu. Mutanen ƙauye sun tara itace da busassun rassan inabi, Fada, limamin cocinmu, ya yi addu'a a gurguje don ya ga nama ya fara nuna. Aka hura wuta. Can ƙetaren kwari wasu ƙauyukan ma sun hura tasu. Ziyad ya jawo waya tun daga janareta, Hagop ya kifa ganga ɗaya ta katako ya zauna a bayanta.

Nadim ya zauna a kujera da jita a cinya. Ya ce wa Mirna, "Kunna abinki, 'yar Rafik. Kuma wannan kada ki cire."

Ya ɗaga hannun hagu sama, a hasken wuta, gaban kowa.

Ya ce, "Jama'a, ga sabon ɗan ƙungiya. Ba ya jin magana, ba ya bin kiɗa, amma an ce ba a korarsa, tare za mu ƙarasa." Wata tsohuwa ta ce, "Ya Maryamu." Ya ce, "A'a, Umm Jiryis, ajiye kukan, ban gama ba. Hancin nan ma da kuke yabo ya yi ritaya tun bazara. Giyar bana, duk wanda ya sha ya ji daɗi, ga mai ita can tana ɓuya a bayan tiren nama. Wadad, fito."

Ban fito ba. Hagop ne ya zo ya jawo ni da tiren a hannuna. Aka yi ta tafi, ni kuwa ina ta neman inda zan ajiye tire.

Sai Nadim ya zaro wani abu daga aljihun riga. Wuyan kwalbar giyarmu ne, kore, an yanke an goge bakinsa sumul. Ya zura shi a yatsa. Bai danna tsirkiya ba, sai ya ɗora gilashin a kansu yana jan shi sama da ƙasa. Jitar ta yi wani irin kuka mai tsawo da ban taɓa jin ta yi ba. Ba waƙar gudun nan ba ce. Wata ce mai sanyi, wadda Rafik ke rufe wasa da ita. Inda sauti ya kamata ya tsaya, sai hannun ya yi karkarwarsa, sautin ya yi ta rawa kamar muryar mai shirin kuka.

Hagop ya ɗaga murya yana dukan ganga da tafin hannu: "Ku ji ɗan gata! Mutane sai sun shekara goma suna koyon wannan karkarwar, shi kyauta aka ba shi!"

Ya yi kuskure, na ji, sau da yawa ma. A baiti na biyu ba mai waƙa, sai Mirna ta fara daga bayan kyamara, a hankali, ba ta ma san tana yi ba. Muryarta ba ta kai ta ubanta ba. Mutanen ƙauye suka ɗauka, har Fada.

Da aka gama ya miƙo mini kofi. Ya ce, "Faɗa musu." Na sansana na ce ɗanya ce tukuna, a ba ta shekara biyu. Ya ce, "Kun ji. Shekara biyu. Duk wanda ya mutu kafin nan ya yi asara."

Ya ci nama har sai da na hana shi.

Talata, 16 ga Satumba, da la'asar

Masu fim sun tafi da safe, Hagop ya bi su. Mirna ta ce sai Nadim ya ga fim ɗin kafin kowa. Ziyad ya sumbaci hannuna ya ce, "Na gode, Goggo," na ce ashe yana magana.

Da rana ta yi, lokacin da gari ya waye a can Montreal, Nadim ya ɗauki waya ya shiga ɗaki ya tura ƙofa. Na ji ya ce, "Fadi, kana zaune? To zauna." Na fita tsakar gida na yi ta tsinke busassun ganyen na'ana'a da ba su yi mini laifin komai ba.

Ya daɗe. Da ya fito idonsa ja wur.

"Ya zage ni," in ji shi. "Ɗan da na haifa. Ya zage ni da Larabci, ya ƙara da Faransanci."

"Ya yi daidai."

"Ke ma ya ce zai zo kanki. Ranar Asabar zai sauka. Matarsa ce ma ta ce ya taho."

Sai muka tuna ɗakin Fadi ya zama wurin ajiya tun bara, kwalabe har kan gado. Muka fara kwashewa zuwa ɗakin ƙasa. Ni ina ɗaukar huɗu-huɗu, shi ɗaya-ɗaya, ya rungume ta a ƙirji, yana sauka matakala a hankali. Ban ce ya bari ba. Da muka yi kiciɓis a tsakiyar matakala ya ce, "Matsa mini, tsohuwa, kina ɓata mini lokaci."

Na matsa.